Lissafin LDL ko Awonsa Kai Tsaye?

Mutane da dama a Katsina kan tambaye ni wanne ya fi tsakanin lissafa LDL, wato mugun kitsen jini, da auna shi kai tsaye. Lissafin LDL da masani Friedewald da abokan aikinsa suka fitar a 1972 ba ya ƙara kuɗi, domin ana cire HDL (kitsen jini mai amfani) da kashi ɗaya bisa biyar na tiragilisarid (wani nau'in kitsen jini) ne daga jimillar kolestirol, waɗanda duk an riga an auna su a gwajin jinin. Sai dai ya fi inganci idan an ɗebi jini kafin karin kumallo, kuma da zarar tiragilisarid ya haura 400 mg/dL, sakamakonsa ba abin dogaro ba ne.

Awon kai tsaye ya fi tsada, kuma ba kowane ɗakin gwaji ke ajiye sinadarinsa ba. A ganina, lissafin ya ishi mai duba lafiyarsa jefi-jefi, amma mai ciwon suga da tiragilisarid ɗinsa ya hau gara ya nemi awon kai tsaye.