Hayar motar kwana a hanyar inabi ta Alzas: gonakin sun burge ni, kamfanin ya ɓata min rai

Tauraro biyu kacal na ba kamfanin da ya ba mu hayar motar nan mai ɗakin kwana, kuma ko biyun ma albarkacin yankin Alzas suka ci.

Mu huɗu ne, ni da uwargida, sai abokin aikina da matarsa. Su ne ma'abota giyar inabi. Ni ba na sha, don haka tun kafin a tashi sitiyari ya faɗo a kaina. Shirinmu shi ne mu bi hanyar inabi ta Alzas a gabashin Faransa, dab da iyakar Jamus, wadda aka buɗe a 1953, daga Marlenheim a arewa har Thann a kudu, tafiyar kusan kilomita 170 a gindin duwatsun Vosges. Watan Oktoba ne, girbi ya zo ƙarshe, ganyen inabi ya fara komawa rawaya.

Ranar karɓar mota ma'aikacin a gaggauce yake. Ga tukunyar gas, ga tankin ruwa, ga akwatin bayi da za ku riƙa zubarwa, sa hannu nan. Abu ɗaya na tsaya na tambaya, batirin ɗaki. Irin wannan mota batir biyu gare ta, na tayar da inji daban, na ɗaki daban, kuma na ɗakin ne ke riƙe da fitilu da famfon ruwa da fankar na'urar ɗumama ɗaki. Ya buga murfin akwatin da tafin hannu ya ce lafiyarsa ƙalau.

Da farko ba ni da abin cewa. Motar ba ta wuce kilo 3,500 ba, lasin ƙaramar mota ya ishe ni, kuma tana da daɗin tuƙi fiye da yadda girmanta ya nuna. Tsayinta ne matsala. Ta kusa mita 3, ga wuraren ajiye mota da yawa an gicciya musu ƙarfe a mita 2, ga lungunan ƙauyukan ba a yi su don irinta ba. Sai ka ajiye ta a filin da aka ware wa motocin kwana a wajen gari, ka taka. Takawar ma riba ce. A Riquewihr mun shiga ta ƙarƙashin hasumiyar Dolder da aka gina a 1291, a Eguisheim kuwa titunan a zagaye suke, in ka bi ɗaya sai ya dawo da kai inda ka fara.

Ɗanɗanon giyar shi ne abin da ban zaci zai riƙe hankalina ba, tunda ni ɗan rakiya ne. A wata ƙaramar gona ta iyali, uwar gidan ta jera kwalabe dogaye sirara, irin waɗanda doka ta wajabta wa giyar yankin, ta fara da marasa nauyi, Sylvaner da Pinot Blanc, sannan Riesling, sai Pinot Gris, ta rufe da Gewurztraminer, domin in an fara da shi harshe ba zai ƙara jin sauran ba. Kusan duk farare ne. Pinot Noir kaɗai ke ba da ja. A tsakiyar tebur akwai ɗan bokiti na tofarwa, kuma ba wanda ke jin kunyar amfani da shi. Dokar Faransa ba ta yarda direba ya kai giram 0.5 na barasa a kowace lita ta jini ba, kuma wanda ya haɗiye duk abin da aka zuba masa a gona biyu ya wuce nan. Wanda zai yi wannan tafiya ba tare da wanda ba ya sha ba, ya san da wannan tun wuri: gidansa ne motarsa. Ni ruwan inabi zalla ta zuba min, wanda bai tsimu ba, kuma ba ta yi min kallon bare ba. Ta miƙo min kofin Gewurztraminer in shinshina, na ji ƙamshin fure sosai. Ta ɗauko duwatsu daga kan tebur ta nuna mana yadda ƙasar kowane tudu ta bambanta, shi ya sa aka ware gonaki 51 a matsayin na gaba-gaba. Duwatsun Vosges kuma su ke tare hadarin da ke tasowa daga yamma, har Kolmar, wani birni a yankin, ta zama cikin biranen Faransa mafi ƙarancin ruwan sama.

A gonar muka kwana, a ƙarƙashin tsarin France Passion, inda manoma ke barin motocin kwana su tsaya kyauta na awa 24, da sharaɗin ka zo da ruwanka da wutarka da bayinka. Don wannan ɗin muka yi hayar motar tun farko. To a nan ido ya raina fata.

Bayan isha fitilu suka fara dusashewa. Allon da ke saman ƙofa ya yi ƙara, ya mutu. Na'urar ɗumama ɗaki ta tsaya, duk da gas na nan cike, saboda ba wutar da za ta juya fankarta. Aka murɗa famfo, ko ɗigo. Muka kwanta da rigunan sanyi a jiki, tagogi na zufa ta ciki. Can wajen asuba uwargida ta taɓa ni ta ce, "Baban yara, ba ka jin ruwa na zuba?" Na fita da fitilar waya, na tarar ruwa na tsiyaya a ƙarƙashin mota. Ashe tukunyar ruwan zafin tana da wani makulli da ke buɗe kansa in sanyi ya kusa daskarar da ruwa, don kada tukunyar ta fashe. Ba wanda ya gaya mana wannan ranar sa hannu.

Lambar gaggawa da suka manna a gilashi na kira har na gaji, murya ce kawai da aka naɗa. Da rana ta fito wani ya ɗauka, shawararsa wai mu tayar da inji mu ɗan zaga, batir zai cika. Mun wuni a kan hanya jiya, me ya cika? Tsohon mai gonar ne ya fito da takalmin roba, ya jawo doguwar waya daga rumbunsa ya jona mana wuta, ya ɗora na'urar awo a kan batirin, ya girgiza kai. Ya nuna min gefensa da ya kumbura. Matarsa ta aiko da kofi mai zafi da burodin kugelhopf. Ko sisi ba su karɓa ba, sai da abokina ya sayi kwali guda na Riesling a wajensu tukuna hankalina ya kwanta.

Daga ranar dole muka koma kwana a sansanonin kuɗi masu wutar lantarki, kwanan gona ya ƙare. Mun hau fadar Haut-Koenigsbourg da ke kan dutse mai tsawon mita 757, wadda Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya sa aka sake ginawa daga 1900 zuwa 1908, lokacin Alzas na hannun Jamus. Daga can ana hango filin kogin Rhine gaba ɗaya. A wurin har na ce a raina zan yafe musu, batir ai yakan mutu.

Sai ranar mayar da mota. Na ba su labari tiryan-tiryan, na nuna hoton batirin, ina jiran a ce mana a yi haƙuri. Ma'aikaciyar ta shiga ciki ta fito ta ce bincikensu ya nuna mu ne muka zuƙe batirin har ya lalace, don haka za su riƙe wani kaso na kuɗin ajiyarmu. Batirin da ya kumbura, a dare ɗaya, da fitilu da famfo kawai! Na nemi takardar ranar da aka saka shi, aka ce manaja ba ya nan. Na rubuta musu, na haɗa da hotuna da jerin kiran da na yi a daren. Amsar da ta zo layi ɗaya ce, wai ana duba lamarin, kuma har yau kuɗin bai dawo ba.