Gargaɗi: mai tallar kifin teku ya ci mana jika 485 a Maraɗi

Assalamu alaikum jama'a. Wannan gargaɗi ne ga duk mai harkar tankin kifi na gilashi a Maraɗi da kewaye, musamman waɗanda suka fara sha'awar kifin teku da murjani mai rai. Akwai wani mutum da ke talla a Facebook, yana cewa shagonsa na Legas, yana kuma da yaro a Kano mai ɗora masa kaya a mota. Ya karɓi jika 485 a hannuna. Jika 485, sefa 485,000, kuma ba kuɗina ba ne. Kuɗin wani Alhaji ne da ya ba ni amanar haɗa masa tanki a falonsa. Hotunan hirarmu da resi uku duk suna wayata, zan saka su.

Kafin wani ya ce kwaɗayin araha ne ya ja ni, bari in faɗi yadda aikin yake. Tankin tsawonsa santimita 120, faɗi 45, tsayi 45, wato lita 243. In ka cire wurin dutse da yashi, ruwan da ke ciki bai wuce lita 200 ba. Sati bakwai yana gudana ba kifi ko ɗaya, har amoniya da nitirit, gubobin da ke taruwa a ruwan sabon tanki, suka sauka zuwa sifili. Ma'aunin gishiri 1.025, zafin ruwa 25 zuwa 26 da injin sanyaya ruwa, ruwan kuma tatacce ne, ba na famfo ba. Kifi shida na nema: Amphiprion ocellaris guda biyu, wannan mai ruwan lemo da farar ɗamara uku, Gramma loreto ɗaya, Nemateleotris magnifica ɗaya, gobi rawaya mai zaman bakin rami ɗaya, da Pterapogon kauderni ɗaya. Babu wanda ke wuce santimita 8 zuwa 11 in ya girma, babu mai cin murjani, kuma kowa da wurin zamansa: wani ƙasa a yashi, wani cikin kogon dutse, wani tsakiyar ruwa. Sai jatan lande mai share jikin kifi guda biyu, murjani mai laushi huɗu, dutse mai rai, wato dutsen teku mai ƙananan halittu a jikinsa, kilo 10, da bokitin gishirin teku kilo 20. Lissafin ke nan, kuma ko yau aka tambaye ni shi zan maimaita.

Abin da ya sa na yarda da shi, shi ne abin da ya hana ni barci. Alhaji ya ga hoton kifin mandarin, Synchiropus splendidus, ya ce lallai a sa masa. Na tura wa mutumin don in ji abin da zai ce. Ya aiko saƙon murya na daƙiƙa 40: «Oga, ba zan sayar maka da wannan ba. Tankinka sabo ne, kifin nan ƙananan ƙwarin cikin dutse yake ci, sai tanki ya yi wata shida zuwa shekara. Yunwa za ta kashe shi, ni kuma ba na cin haram.» Gaskiya ya faɗa, ko harafi ɗaya babu kuskure. Ɗan kasuwa ya ƙi karɓar kuɗi saboda ran kifi, wa zai zarge shi? Na saurari saƙon nan ya fi sau ashirin tun da abin ya faru. «Ni kuma ba na cin haram.» A daren na tura jika 300.

A'a, kafin nan ma na nemi bidiyo. Ya aiko, kifaye lafiyayyu suna cin abinci, ruwa garai-garai. Abin da ban nema ba shi ne ya rubuta sunana da kwanan wata a takarda ya manna a gilashin ya ɗauka. Daga baya wani abokin sana'a ya nuna mini bidiyon nan a shafin wani shago na wata ƙasa daban. Amma ku faɗa mini, wanda ya san abincin mandarin, ya san sunayen kifi na kimiyya, ya tambaye ni nitirat nawa ne a ruwana, ta ina zan gane?

Jika 300 ranar Alhamis. Ranar Litinin ya kira wai kaya sun tashi amma an riƙe su, sai an biya kuɗin duwan, jika 120, in ba haka ba kifi su mutu a rana. Na tura. Sai jika 65, wai za a sake cika ledoji da iskar oksijin a Kano kafin a ɗora su hanyar Katsina, Jibiya, Ɗan Issa. Wannan ina jin ran Talata ne da safe, ko Litinin ɗin da dare, resi zai nuna. 300, da 120, da 65. Jika 485. Kuma tun farko cewa ya yi 300 ɗin ta haɗa komai har bakin tasha.

Ya yi alkawarin awa 20 a hanya. Ranar Laraba bayan la'asar na karɓi kwali a tasha, kusan awa 50. Kwalin taliya ne, babu farin soson nan mai riƙe sanyi a ciki. Na sa ma'aunin zafi a jikin leda, 31. Yadda ake ɗaure kifin tafiya, kowane ɗaya da ledarsa, kashi ɗaya cikin uku ruwa, biyu oksijin. Shi ya cusa uku-uku. Duk wanda ya san harkar ya san haɗarin buɗe irin wannan leda: numfashin kifi ya sauke pH, wato ruwan ya yi tsami, amoniyar da ta taru tana kwance ba ta da dafi sosai, da iska ta shiga pH ya tashi sai ta koma guba nan take. Don haka ban tsaya ɗigo-ɗigo ba, na daidaita zafi da gishiri na kwashe su zuwa ruwa mai tsabta. Uku sun riga sun mutu a leda.

Kifi 12 ne a kwalin, kuma cikin shidan da na biya, ocellaris ɗaya tak na gani. Sauran kuwa, Dascyllus trimaculatus guda shida, baƙaƙe masu farin ɗigo uku. Suna ƙanana gwanin sha'awa, in sun girma su kai santimita 11 zuwa sama, su mallake tanki, su hana kowa fitowa cin abinci, har hannun mutum suke cizo. Kuma suna cikin mafi araha a kasuwar kifin teku. Paracanthurus hepatus guda biyu, shuɗin nan mai rawayar wutsiya, 'yan santimita 4. Wannan kifi yana kai santimita 30, yana son tanki mai tsawon santimita 180, ruwa lita 600 zuwa sama, kuma biyu a ƙuntataccen wuri yankan juna suke yi da ƙayar da ke gindin wutsiyarsu. Kifin zaki ɗaya, Pterois volitans, mai ƙayoyin dafi a baya, wanda ke wuce santimita 30, yana haɗiye duk kifin da ya shiga bakinsa, har mai rabin tsawonsa. A falon da jikokin Alhaji ke wasa! Sai Rhinecanthus aculeatus ɗaya, wanda abincinsa ke nan jatan lande da dodon koɗi, yana kuma ture dutse. Abokin zaman ocellaris ɗin kuwa ba jinsinsa ba ne, Premnas biaculeatus ne, ja mai duhu mai ƙaya a kumatu. Su wannan dangi duk maza ake ƙyanƙyashe su, mafi girma ya rikiɗa mace, shi ya sa ake sayen ƙanana biyu jinsi ɗaya su daidaita kansu. Jinsi biyu daban a lita 200, ja ɗin zai kashe ɗayan, ba tantama.

Jatan lande babu. Murjani huɗu babu. A madadinsu animon guda ɗaya, wata halittar teku mai kama da fure, rawaya shar kamar an tsoma a rini. Lafiyayyen irinsa launin ƙasa-ƙasa yake, saboda ƙananan tsirran da ke zaune a jikinsa suna ciyar da shi da haske. Wanda ya yi fari ya rasa su, sai marasa tsoron Allah su rina shi. Bakinsa a wangale yake tun isowarsa, kwana huɗu ya narke, warinsa ya cika ɗaki.

Na kira shi a daren. Ya ɗauka da fara'a: «Oga, kyauta na ƙara maka, ka biya shida na ba ka goma sha biyu. Lita 10 kifi ɗaya ne lissafi, tankinka zai ɗauki 20.» Bakin da ya ce ba zai sayar da mandarin ba, shi ne yake faɗa mini wannan. To ƙarya ce, kuma ita ce ƙaryar da zai yi wa wanda bai sani ba. Ba a ƙidaya kifin teku da lita. Ana duba girman da zai kai, ba wanda yake da shi yau ba. Ana duba tsawon wurin iyo, da yawan ramukan ɓuya, da halinsa, da yawan kashinsa. Kifi mai santimita 30 ba daidai yake da uku masu santimita 10 ba, nauyinsa ya ninka ɗayansu sau ashirin da wani abu, ƙazantarsa haka. Ruwan gishiri kuma yana riƙe oksijin ƙasa da ruwan daɗi da kusan kashi ɗaya cikin biyar, in ya ɗumama ya ƙara raguwa. A garin da zafin Afrilu ke haura 40, kuran ya ɗauke awa uku ba gurup, tanki mai kifi 20 gawa za ka tarar, manyan su fara. A Maraɗi abin da littafi ya ce shida, ka tsaya a biyar ya fi maka. Kuma ɗaya ko biyu ake sakawa, a jira sati biyu zuwa uku ƙwayoyin bakteriya masu cinye ƙazantar kifi su kamo, masu sanyin hali a farko, masu faɗa a ƙarshe.

Kifin ban sa ko ɗaya a tankin Alhaji ba, wannan ina so a sani. Na raba su tsakanin tankin killacewa na lita 60 da bidon uku da na yanke, kowanne da bututun iska, kifin zaki shi kaɗai. Kwana na biyu hepatus suka fara haki, suna tsayawa a bakin famfo inda ruwa ke fitowa, suna gudun haske. Na haska da tocila ta gefe, sai ga wata ƙura-ƙura mai ruwan zinariya a fatarsu. Ciwon Amyloodinium ke nan, yana kama mashaƙar kifi kafin ya nuna a jiki, kwana biyu zuwa uku ya gama da su. Na sa maganin jan ƙarfe, amma an makara. A nan na gane dalilin «kyautar»: ragowar tankin da ciwo ya shiga ya share ya aiko mana, mu biya masa kuɗin zubar da shara. Cikin taran da suka iso da rai, bakwai sun tafi kafin sati. Ocellaris ɗin na same shi da asuba kwance a gefe, ɗamararsa ta yi toka-toka.

Inda kunya ta kama ni shi ne dutsen. A daren Laraban, cikin gaggawa, na sa guda biyu a tankin Alhaji saboda kada abin da ke raye a jikinsa ya mutu, haka ake yi. Da safe na ɗaga ɗaya, nauyi kamar na gini. Dutse mai rai ba shi da nauyi, duk huji ne, yana ƙamshin teku. Na kankare shunin da farce, fenti ya biyo. An dai jiƙa shi cikin ruwan kifin nan marasa lafiya, ƙwan ciwon kuma a jikin dutse yake maƙalewa. Ba a sa maganin jan ƙarfe a tankin murjani, yana kashe murjani da jatan lande, dutse kuma ya sha shi ya riƙe. Abin da ya rage shi ne a bar tankin ba kifi kwana 76 har ciwon ya mutu da yunwa. Na tsaya gaban Alhaji na faɗa masa haka. Ya yi shiru, ya ce, «Malam, ai kai ka ce ka san mutumin.» Ban ce na san shi ba. Cewa na yi ya san aikinsa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Gishirin ma na manta. Bokiti na asali, murfi an taɓa buɗewa. Na auna giram 350 a lita 10, ma'aunin gishiri ya nuna kusan daidai, shi ya sa mutum zai ruɗu. Na gwada kalsiyam, bai nuna komai ba, alhali ya kamata 400 zuwa 450. KH, wato ƙarfin ruwa na hana tsami, kusan sifili maimakon 8. Gishirin miya ne aka daka aka zuba. Gishirin miya kusan kashi 85 cikin ɗari ne kawai na gishirin da ke ruwan teku, sauran magniziyam ne da kalsiyam da makamantansu, kuma da su murjani ke rayuwa. Kilo 20 na gishirin da zan samu a babbar kasuwa, a cikin jika 485.

Yanzu lambarsa ba ta shiga, ta yaron Kano ma haka. Shafin ya canza suna amma hotunan su ne, bidiyon shi ne. Kuɗin duwan da ya ce, babu takarda ko ɗaya a jikin kwalin. Na mayar wa Alhaji jika 200 daga aljihuna, saura 285, kuma zan biya, domin ni na tura. Na kai ƙara da resi ukun.

Kada ku tura wa kowa kuɗi sai ya nuna kifin a kiran bidiyo da sunanku a takarda. A rubuta jerin kifi da farashi na ƙarshe. In ya nemi ƙari kaya na hanya, ku tsaya nan. Wanda ya ce muku lita 10 kifi ɗaya, ku kashe waya. Ko dutse ne kada ya shiga babban tanki sai ya yi killacewa.

Kifin zakin da baƙin Dascyllus ɗaya suna nan da rai a bidon. In akwai mai tankin lita 450 zuwa sama wanda ba ƙananan kifi a ciki, ya zo ya ɗauki zakin kyauta bayan ya gama sati huɗu na magani, kuma ya zo da roba mai murfi, ba a kama shi da raga ko hannu. Hotunan hira da resi da saƙon muryar nan zan saka su bayan isha'i, ku ji yadda ya ce ba ya cin haram.