Sharhi Kan Sandar Stabilaiza Mai Kaurin Milimita 24

Na cire sandar stabilaiza ta baya (sandar ƙarfe da ke haɗa tayar hagu da ta dama don rage karkatar mota a kwana) mai kaurin milimita 22 da motata ta zo da ita, na ɗaura mai milimita 24, kuma bambancin ya wuce yadda ido zai ƙiyasta. Dalili kuwa, taurin sandar yana bin kaurinta ne a ninke da kansa sau huɗu (kauri × kauri × kauri × kauri), don haka wannan ɗan ƙarin kauri ya ƙara taurin da kusan kashi 42 cikin ɗari.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take shafar ƙarfin da ake buƙata kafin taya ta ɗaga sama. Idan tayoyin biyu suka hau tudu tare, sandar ba ta murɗewa, sifirin (ƙarfen da ke lotsawa yana ɗauke da nauyin mota) kaɗai ke aiki, motar kuma tana nan da laushinta. A kwana ne, inda taya ɗaya ke nutsewa ɗaya na ɗagawa, take murɗewa ta ƙara tauri, sai jikin motar ya rage karkata, gabanta kuma ya fi bin sitiyari.

Aibinta shi ne, duk ramin da taya ɗaya ta faɗa, sai girgizarsa ta ratsa zuwa ɗaya gefen, kuma hakan yana gajiyar da mutum a hanya mai gargada.