Daren da muka ci abincin kwarori a Markori

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, da su Inna da dukan mutanen gidanmu na Birni, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso ni a kan niyyar da ka ƙulla ta buɗe wurin sayar da abinci kusa da tasha, da tambayar da ka yi game da abin da ya sa gidajen abincin kwarori suka yi suna a nan Abijan. Na ga bai dace in ba ka labarin da na tsinta a bakin mutane ba, don haka a daren Asabar da ta wuce na rufe shago da wuri a Ajame, na ɗauki abokin cinikina mutumin Mirya da ɗan ƙanwarmu da ke koyon kasuwa a hannuna, muka nufi Markori, unguwar da mutanen Labanan suka fi yawa a cikinta.

Su ne dai kwarorin da ka sani a Kano, waɗanda Kantin Kwari ya samo sunansa daga gare su, amma a Kodibuwa yawansu ya wuce abin da kake zato. Wasu iyayensu sun zo tun zamanin mulkin mallaka, domin ita ma Labanan ta zauna a hannun Faransa daga 1920 zuwa 1943, wasu kuma yaƙin basasar ƙasarsu na 1975 zuwa 1990 ne ya koro su. Da yawa daga cikinsu Musulmi ne daga kudancin ƙasar, kuma mai gidan da muka shiga yana cikinsu, shi ya sa da na tambaye shi yankan naman bai ɗauki tambayar da zafi ba, ya ce rago da kaza duk yankan Musulunci ne.

Abin da ya fara ɗaukar hankalina ba abincin ba ne. Tun kafin mu zauna, yaron da ya tarbe mu, wani ɗan ƙasar nan sanye da farar riga wadda ko ɗigon miya babu a jikinta, ya nuna mana wurin wanke hannu mai famfo da sabulu da takardar goge hannu, sannan ya kai mu tebur ya miƙa wa kowannenmu takardar jerin abinci, kowane abu da farashinsa a gabansa. Na tsaya a gaban famfon nan fiye da yadda wanke hannu yake buƙata, ina tuna watannin bazara a Damagaram, lokacin da ake kwana ana jiran ruwa ya zo, masu ga-ruwa kuma su ninka kuɗin jarka. Kafin mu zaɓi komai an ajiye mana ƴaƴan zaitun da wasu kayan lambu da aka jiƙa a ruwan gishiri da tsami, da burodinsu mai zafi, wanda ya yi kama da gurasa sai dai ya fi ta sirantaka, kuma yana fitowa daga tanda a kumbure, cikinsa fanko, da ka yaga shi tururi ya taso.

Tsarin cinsu ya sha bamban da namu. Mu tuwo ɗaya da miya ɗaya ne a babban kwano, su kuwa suna fara ci da ƙananan faranti masu yawa da suke kira meze, a jera su a tsakiya kowa ya yagi burodi ya dangwala. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne humus. Ana yin sa da wani irin wake mai siffar gujiya, a jiƙa shi ya kwana, a dafa shi har ya yi laushi, sannan a markaɗa shi tare da niƙaƙƙen riɗi da suke kira tahina, da ruwan lemun tsami da tafarnuwa, a zuba man zaitun a kai. Laushinsa kamar man shanu ne, ba ka jin ko ƙwaya ɗaya a harshe. Ina ci ina lissafi, domin riɗin nan shi ne wanda manomanmu na wajen Magarya suke aunawa da tiya suna sayar wa ƴan kasuwar da ke tsallakawa da shi Najeriya, mu kuma abin da muka fi yi da shi a gida kantu ne da miya. A nan cokali biyu na riɗin da aka niƙa da kyau shi ne ya mayar da dafaffen wake abin da ake biyan jika 3 a kan ƙaramin faranti.

Akwai wani mai kama da shi da ake yi da babban baƙin yalo, a gasa shi a kan wuta har bayansa ya ƙone, a kwashe cikin a haɗa da tahina, ƙamshin hayaƙin yana nan a ciki. Shi ma ya yi. Tabule kuwa, wato yankakken ganyen farsili da na'ana'a da tumatir da ɗan ɓarzajjen alkama, an yanka shi da kyau har ka ce da reza aka yi, amma tsaminsa ya yi mini yawa, kuma ba ya riƙe ciki. Kwaɗon zogalen da matarka take yi da ƙuli-ƙuli ya fi shi a wurina nesa ba kusa ba. Da aka kawo falafel, abokina na Mirya ya ɗauki ɗaya ya raba shi biyu, ya duba koren cikinsa, ya ce, "Alhaji, wannan ai ƙosai ne da ya shiga lakwal." Gaskiyarsa, domin wake ne aka jiƙa aka markaɗa da ganye da kayan ƙamshi aka soya, sai dai ya fi ƙosai bushewa da ƙarfin ɓawo. Kibbe ma mun ci, wanda ake kwaɓa niƙaƙƙen nama da alkama a mulmula shi kamar ƙwai, a cusa masa soyayyen nama da albasa a ciki. Yaron ya ce akwai irin da ake ci ɗanye, kuma manyan baƙinsu suna son sa ƙwarai. Na yi masa godiya na ce a bar wa masu shi.

A wajen nama ne aka sami tangarɗa, kuma a nan ne na fi koyon abin da zai amfane ka. Mun nemi babban farantin gashi mai tsiren kaza da na rago da kafta, wato niƙaƙƙen nama da albasa da aka manna a jikin tsinke. Mun jira kusan minti 45, kuma a cikin jiran nan na lura an kai wa wasu da suka zo bayanmu nasu, mutanen da mai gidan ya tashi ya rungume su suna magana da Larabci. Ban ce komai ba, amma raina ya sosu. Da namu ya iso, kazar ta yi daɗi, ta sha lemun tsami da tafarnuwa har cikin tsoka, ga wani farin haɗin tafarnuwa da mai da suke kira tum, wanda ɗan ƙanwarmu ya suɗe kwanonsa da burodi. Naman ragon kuwa ya huce, ya bushe, sai ka tauna ka sake taunawa. Abin da ya ƙara ba ni haushi shi ne ragunan da ake yankawa a garin nan yawancinsu daga ƙasashenmu na Sahel ake lodo su, ke nan ragon gida ne ya faɗa hannun wanda bai san shi ba. Mahaucin da ke balangu a bakin Kasuwar Dole, wanda ya san inda kitse yake da lokacin da ake juya nama da yawan yajin da za a barbaɗa, ba zai miƙa maka irin wannan ba ko a ranar da ya tashi da ciwon kai.

Na kira yaron na gaya masa cikin natsuwa. Bai yi musu ba, bai ce ai haka ake yin sa ba, bai kuma nuna mini cewa ni ne ban iya ci ba. Ya ɗauke farantin, bayan ɗan lokaci mai gidan da kansa ya zo ya dafa ƙirji ya ba mu haƙuri, ya ce an bar tsiren a gefen wuta ana jiran kazar ta nuna. Cikin minti 10 aka kawo sabo yana ƙara a kan faranti, kuma ba a ƙara mana ko dala a kansa ba. Na biyun ya fi na farko, ko da yake har yanzu bai kamo namu ba. Ka san yadda irin wannan magana take ƙarewa a wurare da yawa a gida, inda mai saye zai haɗiye ɓacin ransa don kunya, ko kuwa mai sayarwa ya ɗauki ƙorafi a matsayin cin fuska, a rabu dutse a hannun riga, gobe mutum ya sauya wuri ba tare da an san dalili ba. Kwaran nan ya yi asarar tsinke 3 na nama, ni kuwa ga shi ina ba ka labarinsa har Damagaram.

Akwai abubuwa biyu da ba su kwanta mini ba. A farfajiyar waje matasa suna zuƙar shisha, hayaƙinta mai ƙamshin tuffa yana shigowa duk lokacin da aka buɗe ƙofa, kuma wasu gidajen kwarorin, ban da wannan, suna sayar da giyarsu da ake kira arak, don haka mai zuwa da iyali sai ya tambaya tukuna. Na biyu shi ne ruwan sha. Ba a ba ka ruwa kyauta, sai na kwalba, kuma kwalbar da nake saye dala 100 a kanti an rubuta mana ita dala 300. A garinmu da ruwa yake da wuya, baƙo ba ya zama a ƙofar kowa ba a miƙo masa moɗa ba, a garin da ruwa ya kewaye kuwa sai ka biya ninki uku.

Mun rufe da baklawa, wadda ake jera siraran fallayen ƙullu kamar takarda, a cusa dakakkun ƴaƴan itace irin su fistashi a tsakani, a gasa a tsoma a ruwan sukari, sai ƙaramin kofin gahawa mai ɗaci. Aikin hannu ne mai kyau, amma da na sa ta a baki alkakin Inna na tuna, wanda yake shan zuma har cikinsa ya kuma yi makonni bai lalace ba. Na gaya wa mai gidan cewa a garinmu akwai abin da zai kara da baklawarsa, ya yi dariya ya ce sai ya gani da idonsa.

Takardar kuɗi ta zo daga na'ura, kowane abu a layinsa, jimla jika 41 mu uku, na ƙara wa yaron jika 2 saboda halin da ya nuna. Tun da sefarmu ɗaya ce da tasu, ba sai na canza maka ba, kai ma ka san buhunan hatsi nawa ke nan a lokacin kaka. A bakin titin Ajame kuwa da dala 100 ko 200 nake ƙoshi da garba, wato aceke da soyayyen kifin tuna, abincin da ƴan Nijar suka shahara da sayarwa har aka laƙaba masa sunan Garba. Saboda haka ban ga hikimar ka kwaikwayi jerin abincin kwarori a bakin tashar Damagaram ba. Matafiyin da ya sauko daga motar Yamai ko ta Difa shinkafa da miya da nama yake nema, kuma ɗanyen ganye irin na tabule yana buƙatar ruwa mai tsabta da firjin da wuta ba ta yanke masa, abubuwa biyun da ba za ka iya lamunce wa kanka a watan Afrilu ba. Abin da za ka iya ɗauka ba ya cin jari mai yawa: buta da sabulu a bakin ƙofa tare da yaron da aikinsa ke nan, farashi a rubuce a allo don kada a yi wa baƙo wani kuɗi ɗan gari wani, da ludayi ɗaya na awo domin farantin yau ya zama daidai da na jiya. Ka kuma ja kunnen yaranka a kan bin layin wanda ya riga zuwa, ko da aboki ne ya shigo daga baya, domin ɗacin minti 45 ɗin nan bai gama barin bakina ba.

Humus ɗin ne kaɗai nake so a gwada. Na sayi kwalbar tahina ɗaya, zan ba wani ɗan unguwarmu da zai taso ranar Alhamis ya kawo maka. Ka ba matarka ta ɗanɗana, sannan ta soya farin riɗi sama-sama kada ya yi duhu, a kai injin markaɗe a maimaita niƙan har ya saki mai, ta haɗa da dafaffiyar gujiya da aka cire wa ɓawo, da lemun tsami da tafarnuwa kaɗan. Idan babu man zaitun a sa man gyaɗa mai kyau, a ci da gurasa a ji yadda zai fito. In mai kawo saƙon zai dawo, a roƙar mini Inna ta yi alkaki ko da guda 20 ne a sa a kwano mai murfi, saboda na riga na yi wa kwaran alkawari. A gaishe ta da kyau, a gaida yara.