Asibitin da na koma da katin inshora

Wata shida kenan da na mayar da fayil ɗinmu wani asibitin kuɗi a nan Kano, ta inshorar lafiya ta wurin aiki, tunda dokar Najeriya ta 2022 ta ce dole kowa ya shiga inshorar lafiya. Gaskiya ganin likita ba matsala, ba ka biyan ko sisi, magani kuma kashi 10 cikin ɗari kawai kake bayarwa, ga mai yaro mai asma kamar ni wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne tunda kuɗin Ventolin, maganin asma, ya yi tashin gwauron zabi bayan GSK, kamfanin da ke yin sa, sun tattara kayansu daga Najeriya a 2023.

Amma fa akwai inda gizo ke saƙa. Su asibitin, inshorar kuɗi ƙayyadadde take ba su duk wata kan kowane mutum, ka zo ko kar ka zo, shi ya sa da an rubuta magani mai tsada sai ka ji wai ya ƙare, je ka kemis. Ranar da za a yi wa maiɗakina sikanin sai da muka wuni muna jiran lambar amincewa daga kamfanin inshorar, mai tsabar kuɗi kuwa yana zuwa ake shigar da shi.

Nas-nas ɗinsu dai akwai fara'a, wurin kuma tsaf. Tauraro uku na ba su.