DSC ko DMA: me ya sa Tg ɗin epoksinka ya fito da lamba biyu?

Malam, tambayarka ita ce: takardar mai sayar da ƙaron epoksi ta ce Tg ɗinsa, wato zafin da yake soma laushi bayan ya taurare, digiri 140 ne na Celsius, kai kuma ka haɗa faranti da zaren kabon, ka gasa, ka kai ɗakin gwaji, suka auna da na'urar da ake kira DSC suka ce 122. Wa ya yi ƙarya, kuma wane awo za ka riƙe?

Kafin ka zargi kowa, duba ƙasan takardar, inda ake rubutu da ƙananan haruffa. Ina kyautata zaton 140 ɗin nan daga wata na'urar daban mai suna DMA ya fito, wataƙila ma daga ƙololuwar tan delta, ɗaya daga cikin layukan da take zanawa. In haka ne, kowa gaskiyarsa ya faɗa. Tg ba kamar narkewar ƙanƙara ba ne mai lamba ɗaya tak. Zango ne na zafi wanda a cikinsa ƙaron da ya taurare yake sakin jiki sannu a hankali, daga taurin gilashi zuwa laushin roba, kuma kowace na'ura da inda take tsayawa a zangon ta ce nan ne.

DSC zafi take bibiya. Ana yanko ɗan gutsure, miligiram 10 zuwa 20, a sa a kwanon alminiyam da bai kai maɓallin riga ba, a matse murfinsa, a ajiye shi gefen wani kwanon da babu komai a ciki. Sai a riƙa ƙara zafi, yawanci digiri 10 ko 20 a minti, na'urar tana kwatanta zafin da kowane kwano yake sha. Da an iso Tg, layin da ke kan allo yakan yi 'yar matakala, a ɗauki tsakiyarta. Ƙa'idojinta su ne ASTM E1356 da D3418, ko ISO 11357-2.

DMA kuwa ƙarfin abin take tambaya. Sanda ake yankowa daga farantin, kamar tsawon yatsa, a ɗaure ta tamau, na'urar ta riƙa ɗan lanƙwasa ta tana saki yayin da zafi ke hawa. ASTM D7028, wanda aka rubuta musamman don kayan haɗin zare da ƙaro, ya tsayar da lanƙwasa ɗaya a daƙiƙa, wato 1 Hz, zafi kuma digiri 5 a minti. A ɓangaren ISO, 6721-11 ne.

To, gwaji ɗaya na DMA lambobi uku yake bayarwa, kuma a nan ruɗanin yake farawa. Ta farko ita ce inda taurin sandar ya soma faɗuwa. Ana jan layi ɗaya a kan shimfiɗaɗɗen ɓangaren zanen, a ja wani a kan gangaren, mahaɗarsu ita ce abin da D7028 ke kira DMA Tg. Ta biyu ƙololuwar E″ ce, wato layin da ke nuna ƙarfin da sandar ke ɓatarwa ya zama zafi a kowace lanƙwasa, tana gaba kaɗan. Ta uku ƙololuwar tan delta, wato E″ in an raba shi da taurin sandar, ita ce lamba mafi girma, sau da yawa ta ɗara ta DSC da digiri 10 zuwa 20. Masu talla sun fi ƙaunarta, ba sai na faɗa maka dalili ba. Amma kafin a kai wannan zafin sandar ta riga ta yi laushi sosai, babu mai hankalin da zai ɗora mata kaya a nan. Ko saurin lanƙwasar ma yana motsa lambar: ninka shi sau goma, Tg ya hau da 'yan digiri.

A kan faranti mai zare irin naka, DSC tana da rauni. Zaren kabon ba ya yin Tg, kuma shi ne kusan kashi biyu cikin uku na nauyin. Ke nan a cikin miligiram 15 da ka sa a kwano, kamar 5 ne kawai suke magana. Ga shi epoksin da ya gasu sosai dama matakalarsa 'yar ƙarama ce. Sai ka ga mutum biyu sun zura wa zane ɗaya ido, kowa ya nuna wuri daban. A DMA faɗuwar tauri ba ta ɓuya, sai dai a rubuta inda zaren ya fuskanta a cikin sandar, domin yana canja siffar zanen.

Amma kada ka raina DSC, tana faɗin abin da ni na fi damuwa da shi a lamarinka: ko ƙaron ya gama gasuwa. In da saura, bayan matakalar za ka ga layin ya yi tudu, alamar ragowar sinadaran suna ƙarasa haɗuwa a cikin kwanon suna fitar da zafi. Akan ɗumama gutsuren sau biyu a jere, shi ya sa nake son ka tambayi masu gwajin, 122 ɗin nan a ɗumamawar farko aka same shi ko a ta biyu? Idan ta farko ta ba da 122 da tudu, ta biyu ta haura sosai, to gashin ne bai kai ba. Ko lokaci ya yi kaɗan, ko kuma zafin da tanderun ke nunawa ba shi ne zafin cikin farantin ba, abin da ke yawan faruwa da kaya masu kauri. Maganinsa ƙarin gashi, da manna ma'aunin zafi a jikin farantin kansa. Idan kuwa babu tudu, ta biyu ma ba ta motsa ba, ko dai bambancin hanyar awo ne kawai, ko an kuskure awon ƙaro da sinadarin taurarawa wajen gauraya. Wannan na biyun ko kwana nawa ka ƙara gasawa ba zai gyaru ba.

Sai danshi. Epoksi yana shan ruwa daga iska, ruwan kuma yana sauke Tg. Lambar takarda galibi ta busasshen samfuri ce. Masu ƙera jiragen sama sukan jiƙa samfurin a ɗakin danshi har nauyinsa ya daina ƙaruwa, su auna, sannan su tsayar da iyakar zafin aiki kamar digiri 28 ƙasa da wannan Tg ɗin.

Da ni ne, DSC zan riƙe don duba kowane gashi da ya fito daga tanderu, saboda saurinta da kuma ɗan abin da take ci. Lambar da za a gina lissafin ƙarfi a kanta kuwa, ta D7028 zan ɗauka, ta farkon faɗuwar tauri, a kan jiƙaƙƙen samfuri in kayan zai zauna a danshi. Ka turo mana zanen DSC ɗin, ɗumamawar farko da ta biyu, tare da zafi da tsawon lokacin da ka gasa, mu duba ko akwai tudun nan.