Harza mai narkewa da marar narkewa: wacce ce ke rage yunwa?

'Yar'uwa, kin tambaya ko gaskiya ne harza, wato faiba, mai narkewa a ruwa ta fi marar narkewa rage yunwa, kuma ko za ta sa ki rage cin abinci. Amsar farko ita ce e, amma ba kowace mai narkewa ba. Ta biyun kuwa sai mun ɗan tsaya a kanta.

Ki ɗauki kofi uku na ruwa. Ki zuba cokali ɗaya na dusar alkama a na farko, garin siliyum (ɓawon irin wani tsiro) a na biyu, garin inulin (wata harza da ake samu a tsirrai) a na uku, ki dama ki bar su 'yan mintuna. Dusar za ta jiƙe ta kwanta, ruwan yana nan tsululu. Siliyum zai kumbura ya yi kauri da yauƙi har ya riƙa bin cokali. Inulin kuwa zai ɓace cikin ruwan kamar ba a zuba komai ba. Na biyu da na uku duk masu narkewa ne, amma aikinsu a ciki ya sha bamban.

Marar narkewa, irin ta dusa da ɓawon hatsi da jijiyoyin ganye, aikinta a bayyane yake. Tana sa a daɗe ana tauna, ta cika tumbi, ta ƙara wa bayan gida yawa ya fita da sauƙi. Mai fama da taurin bayan gida zai ji daɗinta, amma ba ta cika riƙe ciki na tsawon lokaci ba.

Mai narkewa mai yauƙi ita ce ta fi taɓa yunwa. A nan ake samun beta-gulukan na hatsin ots da sha'ir, da pektin na tuffa da lemo, da siliyum ɗin. Idan ta haɗu da ruwa a tumbi sai abincin ya yi kauri, ya riƙa gangarawa hanji a hankali. Sukari ya shiga jini kaɗan-kaɗan, ba ya yin tashin gwauron zabi ya faɗo. Wani ɓangaren abincin kuma yakan kai can ƙarshen ƙaramin hanji bai gama narkewa ba, hanjin ya saki sinadaran GLP-1 da PYY, waɗanda ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon an ƙoshi.

Mai narkewa marar yauƙi, kamar inulin da ke cikin albasa da tafarnuwa, takan wuce tumbi salin-alin. Sai a babban hanji ƙwayoyin bakteriya ke cinye ta, su fitar da wasu sinadarai da su ma ke taɓa GLP-1 da PYY. Sai dai wannan yana zuwa ne bayan sa'o'i, kuma yakan zo da kumburin ciki da iska. Ita ce kamfanoni suka fi son zubawa a abin sha da biskit, don ba ta canja ɗanɗano sosai. Saboda haka idan kin ga an rubuta a kwali cewa akwai harza da yawa, wannan bai nuna abin zai riƙe miki ciki ba.

Batun rage cin abinci kuwa, a nan ne nake ganin masu talla sun wuce gona da iri. Jin ƙoshi daban, rage loma daban. A gwaje-gwaje da dama mutane sun ce sun ƙoshi, amma da aka kawo abinci na gaba suka ci kusan yadda suka saba. Inda aka ga ragi ma ba mai yawa ba ne. Ko hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai, da ta amince a 2010 cewa gram 3 na gulukomanan (wata harza mai narkewa mai yauƙi) a rana yana taimakawa wajen rage ƙiba, ta gindaya sharaɗin cewa sai mutum yana rage abin da yake ci dama.

Da ni ce ke, da abinci zan fara kafin garin harza da ake sayarwa a roba. Wake da ots da tuffa suna ɗauke da iri biyun tare. Ki ci tuffa ɗungurungum maimakon ki sha tataccen ruwanta, don yawancin harzar tana tafiya da tuƙar da aka zubar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla gram 25 a rana, amma kada ki kai can dare ɗaya. Ki riƙa ƙarawa sannu a hankali cikin 'yan makonni, in ba haka ba ciki zai yi ta ƙugi.

Idan kuma siliyum ko gulukomanan kika zaɓa, ki sha da cikakken kofin ruwa nan take kafin ya daskare, domin yana iya maƙalewa a maƙogwaro. Mai wahalar haɗiya ya bar shi. In kina shan magani kullum, musamman na ciwon sukari, ki fara tambayar likita, don yauƙin na iya hana jiki tsotse maganin yadda ya kamata.